Masara Kaɗai Ba Ta Sa Kaza Ƙwai

Yau maganarmu a kan kaji ce, musamman ku na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda ɓarayin shanu suka rage wa gidaje da yawa dukiya, har kuɗin ƙwai ya zama na cefane da littattafan yara.

Kina watsa wa kazarki masara da dusa, ta ƙoshi, amma ƙwai sai jefi-jefi. Ga dalili. Ƙwai da nama da gashin kaza duk da furotin ake gina su, shi kuwa furotin haɗi ne na wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Wajen goma daga cikinsu jikin kaza ba ya iya yin su, sai ta ci. Kamar masaƙi ne mai saƙa da zare launi goma: in baƙi ya ƙare, saƙa ta tsaya, ko da fari ya cika kwando. Biyu ne suka fi saurin ƙarewa, laisin da metiyonin.

To, 'yan makaranta, ku ɗauko fensir ku taya iyayenku lissafi. Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta ƙayyade a 1994 cewa kaza mai ƙwai tana bukatar miligiram 690 na laisin da 300 na metiyonin kowace rana. Abin da take ci a yini bai fi giram 100 da 'yan kai ba. Giram 100 na masara kuwa laisin ɗinsa wajen 250 ne kawai. Kin ga ko rabi bai kai ba. Amma in kika haɗa giram 65 na masara da 25 na waken soya, masara ta ba da wajen 160, soya ta ba da kusan 600. Laisin ya wadata ke nan. Metiyonin ne zai tsaya wajen 250, sai ki cike da ɗan garin busasshen kifi ko riɗi. Garar da iyayenmu ke tonowa 'yan tsaki ma ba banza ba ce.

Wato a kilo 10, masara 6 da rabi, soya 2 da rabi, sauran ya zama kifi, garin ƙashi, ƙonannen ɓawon ƙwai da gishiri kaɗan.

Sai dai kada ki ba su soya ɗanye. Soya shi tukuna, don ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Ƙuli-ƙuli yana da furotin, amma duka biyun nan sun yi masa ƙaranci, ga shi in ya yi funfuna guba ne. Angurya kuwa, ko da ƙasarku ta auduga ce, tana ɓata launin gwaiduwa.

Lissafin nan ya fi zama tilas ga mai kajin gidan gona irin Shika Brown, waɗanda cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta samar, domin su ba sa fita tono kamar na gida.