Haɗa Baƙin Mai Iri Biyu a Injin Babbar Mota: Ya Halatta ko Akwai Haɗari?

Gabatarwa

Duk wanda ya san zirga-zirgar manyan motoci tsakanin Apapa da Kano ya san tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, kuma ba a kowane zango direba ke samun irin baƙin man da ya saba zuba wa motarsa ba. Sai ya tsaya a Ogere ko Jebba, ya zaro gejin mai, ya ga ya yi ƙasa, ga shi abin da ke cikin injin man sintetik ne, abin da ke shago kuma na gargajiya. Ya haɗa ko kuwa ya ci gaba da tafiya haka? A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin amsa wannan tambaya, domin kuskure a nan yakan jawo bugawar inji, wato asarar jarin mai mota da abincin direba da yaransa.

Ma'anar Kalmomi

Da yake mu ɗaliban harshe ne, ya kamata mu fara da sunaye. Bahaushe na ce wa man inji "baƙin mai", alhali sabonsa ruwan zuma ne. Sunan ya samo asali ne daga kamannin da yake komawa bayan ya yi aiki. Sauya shi kuwa shi ne "juye". Man gargajiya shi ne wanda aka tato daga ɗanyen mai. Man sintetik kuwa, wanda na fi son in kira shi "ƙeraren mai", shi ne wanda aka gina ko aka sake fasalin ƙwayoyinsa a masana'anta har suka zama kusan bai ɗaya. Saboda haka ya fi jure zafi, ya fi saurin gudana da sanyi, kuma ya fi daɗewa bai lalace ba.

Abin da ke Cikin Galan

Kowane baƙin mai gauraye ne na abu biyu. Na farko shi ne uwar mai, wadda ke ɗaukar kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari. Na biyu su ne sinadaran ƙari, masu wanke inji, da hana tsatsa, da rage cin ƙarfe, da kashe kaifin asid. Cibiyar man fetur ta Amurka, wato API, ta kasa uwar mai gida biyar. Rukuni na 1 zuwa na 3 daga ɗanyen mai suke, na 4 shi ne PAO da ake ginawa da sinadarai, na 5 kuma ya tattara sauran, irin su esta.

Wani abin lura shi ne, a shekarar 1999 kamfanin Mobil ya ƙalubalanci Castrol a gaban hukumar sa ido kan tallace-tallace a Amurka, kan kiran man rukuni na 3 da sunan sintetik, hukumar kuma ta amince da sunan. Tun daga lokacin, da yawa daga cikin man da ake sayarwa da wannan suna ɗanyen mai ne da aka tace matuƙar tacewa. Ashe ke nan iri biyun nan 'yan gida ɗaya ne, danjuma ne da danjummai.

To, Suna Haɗuwa?

Amsar ita ce suna haɗuwa. Ba sa daskarewa, ba sa rabuwa kamar ruwa da mai, kuma ba sa zama kunu a cikin inji kamar yadda ake yaɗawa a wasu garejoji. Babbar hujja ita ce man da ake kira semi-sintetik, wanda kamfanoni da kansu suke gauraya iri biyun su zuba a galan. Haka nan maganar cewa injin da ya ɗanɗani sintetik ba ya komawa na gargajiya ba ta da tushe. Ko a juye ma, ba a taɓa tsiyaye tsohon mai ƙarƙaf, saboda haka kowane sauyi akwai ɗan gauraye a cikinsa.

Sai dai akwai farashi. Idan ka zuba ruwa a madara ba ta zama guba ba, amma ta rage kauri. Injin tirela yakan ɗauki lita 30 zuwa 40. Idan direba ya cika da lita 4 na man gargajiya, kusan kashi ɗaya cikin goma ke nan, tasirin kaɗan ne. Idan kuwa rabi da rabi ne, to abin da ke cikin injin ba sintetik ba ne kuma, bai kamata a jira dogon wa'adin juyen sintetik ba. Ƙa'idar ita ce a bi gajeren wa'adi, wato na man gargajiya, a kuma sauya filta tare da man.

Inda Haɗarin Yake

A fahimtata, abin da ya kamata a duba shi ne rubutun jikin galan, kuma abu biyu ne.

Na farko shi ne kauri, kamar 15W-40. Lambar farko tare da harafin W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi: ana gwada 15W a digiri 20 ƙasa da sifili, 5W kuma a digiri 30 ƙasa da sifili. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100, lokacin da inji ya ɗauki zafi. Don haka haɗa 5W-40 da 15W-40 ba matsala ba ce a ƙasarmu mai zafi, tunda dukansu 40 ne idan inji ya gasu. Amma cika injin da ke ɗauke da tan 30 da mai tsinkakke fiye da abin da maƙerinsa ya tsara, wannan ganganci ne.

Na biyu shi ne ajin aiki. A tsarin API, harafin S na injin fetur ne, C kuma na injin gas. Injin gas yana matse iska da ƙarfi sosai, yana kuma haifar da baƙin toka mai yawa, ga sinadarin salfa da ke cikin gas wanda ke rikiɗa ya zama asid. Man ajin C an ƙara masa sinadaran da ke riƙe tokar a warwatse har ranar juye. Man da ke ɗauke da S kaɗai, ko da sintetik ne mai tsada, bai dace da tirela ba. Ajin CI-4 ya fito a 2002, CJ-4 a 2006, sannan CK-4 da FA-4 a Disambar 2016. CK-4 yana iya maye gurbin na bayansa. FA-4 kuwa ya fi tsinkewa, an yi shi ne domin wasu sababbin injuna, kuma ba a zuba shi a tsofaffi sai maƙeri ya yarda. Haka kuma motar da ke da matatar hayaƙi a salansa tana buƙatar mai ƙarancin toka irin CJ-4 ko CK-4, domin tsohon aji yana toshe matatar.

Haɗari na uku bai shafi rubutu ba. Shi ne jabun mai, da tsohon mai da ake tacewa a zuba a galan mai kyau, da man awo na bakin hanya wanda ba a san asalinsa ba. Haka nan man giya da man haidirolik ba su da gurbi a cikin inji. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Kammalawa

A taƙaice, ɗan'uwa mai karatu, idan geji ya nuna mai ya yi ƙasa a tsakiyar tafiya, cikawa da man gas nagari na wani iri ya fi tafiya da ƙarancin mai nesa ba kusa ba, domin ƙarancin mai ne ke cinye metal ya buga inji. A duba kauri, a duba aji, a saya a wurin amintacce, a rubuta abin da aka zuba, sannan a yi juye da wuri idan an isa gida. Ina kuma kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu shiga garejoji da tashoshin mota mu tattaro kalmomin kanikawa da direbobi, domin akwai Hausar da ƙamusunmu ba su kai gare ta ba tukuna.