Ƙishirwa a Tsakiyar Teku

Duk lokacin da aka ɗauko labarin sojan Amurka Louis Zamperini, musamman tun fitowar fim ɗin Unbroken a 2014, sai wani ya ce an yi ƙari: yaya za a ce ƙishirwa ta kusa kashe mutumin da ruwa ya kewaye ta ko'ina? Maganar nan tana ci min tuwo a ƙwarya, domin tana rage girman abin da shi da abokan tafiyarsa suka jure.

Ranar 27 ga Mayu, 1943, jirginsu mai jefa bama-bamai ƙirar B-24 ya faɗa tekun Pasifik suna cikin neman wani jirgin Amurka da ya ɓace. Cikin mutum 11, uku ne suka fita da rai: Zamperini, da matuƙi Russell Phillips, da Francis McNamara. Tun kafin ranar an san jirgin ba shi da lafiya, har sassansa ake cirewa ana gyara wasu, amma manya suka ce a tashi da shi. Guzurin da aka tanada a kwale-kwalen robar da suka hau kuwa bai taka kara ya karya ba.

Kowace litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Ƙodar ɗan Adam ba ta iya yin fitsari mai gishirin da ya kai haka, dole sai ta tsarma shi kafin ta fitar. Kamar miyar da gishiri ya yi wa yawa ce, ba ta gyaruwa sai an ƙara ruwa, ruwan kuwa daga jikin mai shan za a ɗebo. Ka sha kofi ɗaya, ka zubar da fiye da kofi. Saboda haka mutum yana zaune, leɓɓansa sun tsattsage, ruwa na taɓa hannunsa, ya daure ya jira hadari. Wannan ma jarumta ce, ko da ba a ba da lambar yabo a kanta.

Ruwan sama suka riƙa tara. In tsuntsun teku ya sauka a kwale-kwalen, su cafke shi su ci ɗanye, ragowar su sa a ƙugiya. Da wani jirgin Japan ya yi musu ruwan harsasai ya huhhuda robar, sai wani na liƙe huji, wani na hura iska, wani na dukan manyan kifaye masu cin mutum da filafilin tuƙi.

McNamara ya cika a rana ta 33. A rana ta 47 sauran biyun suka isa tsibiran Mashal, sojojin Japan suka kama su, ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai da yaƙi ya ƙare a 1945.