Ƙarin Girma Daban, Ƙwarewa Daban

A aikin gwamnatin tarayya a Najeriya, galibin ma'aikata sun san iyakarsu tun ranar da suka karɓi takardar kama aiki: ritaya na zuwa ne idan mutum ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga. A tsakani kuma akwai matakan albashi daga na 1 zuwa na 17. Na ƙasa yakan jira aƙalla shekara biyu kafin a duba ƙarin girmansa, na tsakiya shekara uku, manya kuwa huɗu. Wannan lissafi kowa ya haddace shi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, me ma'aikacin ya iya bana wanda bai iya bara ba?

Ba wai ƙasar ba ta yi tanadi ba. Tun 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, mai hedikwata a Jos. Doka ta ɗora wa kamfanonin da suka kai wani girma su riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da suke biya a shekara, kuma kamfanin da ya horar da mutanensa yadda aka tsara yana iya neman a mayar masa da wani kaso na kuɗin. Asusun ne ya ƙirƙiro shirin SIWES, wanda ke tura ɗalibai masana'antu su ga aiki da idonsu. Akwai kwalejin ASCON a Badagry, akwai cibiyar NIPSS a Kuru da aka buɗe a 1979 domin manyan jami'ai. A Kongo ta Zariya kuwa, tun zamanin Turawa aka fara koyar da akawu da ma'aikatan En'e.

To ina gizo ke saƙar? A ofisoshi da dama, kwas ya zama hanyar rabon alawus. Idan takardar horo ta iso, ba a tambayar wanda aikinsa ke buƙatar ilimin, sai a duba wanda ke kusa da oga, ko wanda aka daɗe ba a "taimaka" masa ba. Mutum ya je Abuja ko Legas, ya sa hannu a rajista, ya karɓo satifiket da jaka, ya dawo teburinsa ya ci gaba da aiki kamar jiya. Babu wanda zai ce masa, "Malam, zauna ka koya mana abin da ka samo." Haka fom ɗin tantance ƙwazo na ƙarshen shekara: maigida yana jin nauyin rubuta gaskiya, don kada a ce ya tare wa yaro abinci, sai ya cika masa maki. Wannan kara tana da daɗi a ranar, amma cuta ce, domin an hana mutum sanin inda yake da rauni alhali yana da sauran lokacin gyarawa.

'Yan kasuwa sun fi mu gane wannan. Yaron shago a Kantin Kwari yana farawa ne da shara da ɗaukar kaya, sannan a bar masa ciniki, sannan lissafi, sannan a aike shi sayo kaya shi kaɗai. Ba a sallamarsa da jari sai ubangidansa ya tabbatar zai iya riƙe kansa. Shekaru ba su ne ma'auni a wurinsu ba, iyawa ce.

Ma'aikaci ma yana da nasa laifin, kuma dole a faɗa. Gaskiya ne albashi ba ya kai wata, kuma mai tunanin kuɗin mota da na makarantar yara ba ya samun natsuwar karatu. Duk da haka, ƙofofi sun fi na da yawa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta ba malaman firamare masu yawa damar samun NCE ba tare da sun ajiye alli ba. Jami'ar NOUN tana karɓar masu aiki su yi digiri daga inda suke. Akawun da har yau yake tsoron Excel, wayar da ke aljihunsa ta ishe shi ya koya cikin 'yan makonni, in dai ya rage hira. Kuma sau da yawa malamin da ya fi kowa yana cikin ofis ɗin: dattijon nan da ya san yadda ake rubuta wasiƙar gwamnati da yadda fayil ke tafiya, wanda zai yi ritaya baɗi ya tafi da iliminsa gida saboda babu wanda ya matso ya tambaye shi.

Ina roƙon shugabannin ma'aikatu da kamfanoni su tura horo ga mai buƙatarsa, su kuma wajabta wa duk wanda ya dawo daga kwas ya tara abokan aikinsa ya koya musu. Kai kuma ɗan'uwa ma'aikaci, ke ma 'yar'uwa, kada ku jira takarda daga hedikwata. Ku zaɓi abu ɗaya da aikinku ke buƙata wanda ba ku iya ba, ku nemi wanda ya iya tun a wannan watan.