Karatun Kwamfuta A Jamus: Kyautar Da Ake Yayatawa Tana Da Sharaɗi

Ana yawan yaɗawa a TikTok cewa karatu kyauta ne a Jamus. Akwai ƙanshin gaskiya, domin yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai ɗan abin da ake biya duk zango. Amma ba duka ba. Tun 2017 jihar Baden-Württemberg, inda jami'ar KIT take, ke karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Jami'ar TUM ta Munich ma ta fara cajinsu a 2024.

Sai biza. Dole ɗalibi ya nuna kuɗin zaman shekara guda, galibi a rufaffen asusun banki. A Satumban 2024 an ɗaga adadin zuwa Yuro 11,904, ana sakar masa 992 duk wata.

Inda matasa suka fi tuntuɓe shi ne harshe. Digirin farko na kimiyyar kwamfuta yawanci da Jamusanci ake koyar da shi, sai a digiri na biyu Turanci ke yawa. Wanda ya ƙware a Python amma bai jin Jamusanci, gara ya fara duba harshen kwas ɗin a shafin DAAD kafin sunan jami'a ya ruɗe shi.