Waya Mai Sassa: Alfanunta da Naƙasunta

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Gyallesu zuwa Tudun Wada a Zariya ya san teburan masu gyaran waya, wasu a cikin ƙananan shaguna, wasu kuma a ƙarƙashin lema. Idan mutum ya ɗan zauna kusa da ɗayansu na wani lokaci, zai lura cewa yawancin wayoyin da ɗalibai da sauran jama'a suke kawowa ciwo uku ne yake damunsu. Ko dai gilashin ya fashe, ko batir ya daina riƙe caji, ko kuwa bakin caji ya lalace. Sauran jikin wayar lafiyarsa lau. Duk da haka, sau da yawa akan wayi gari an jingine waya a cikin aljihun tebur, saboda abu guda ya mutu a cikinta kuma an rasa madadinsa. Wannan matsala ce ta sa wasu masu ƙira suka yi tunanin samar da wayar da za a riƙa kwance ta ana ɗaurawa kamar keke. Wannan darasi zai yi bayani a kan irin wannan waya, musamman mai tsadar daga cikinta, da abin da ta ƙunsa na alfanu da kuma naƙasu.

Ma'anar waya mai sassa

Idan aka ce waya mai sassa, ana nufin wayar zamani wadda aka ƙera ta daga ɓangarori masu cin gashin kansu, ta yadda za a iya cire kowane ɓangare a mayar da wani ba tare da an narka dalma ko an ɓamɓare gam ba. Kyamara ɓangare ce, batir ɓangare ne, haka nan gilashi da lasifika da bakin caji. Babu wata kalma tsayayya da Hausawa suka raɗa wa wannan nau'i na waya, domin bai yaɗu a kasuwanninmu ba. An zaɓi "waya mai sassa" a nan ne saboda kalmar "sashe" tana nuna yanki na wani abu wanda yake da iyakarsa da aikinsa, kamar yadda ake cewa sashen uwargida a cikin gida.

A gaskiya tunanin ba baƙo ba ne ga wanda ya ga farkon zuwan wayar salula ta GSM Nijeriya a shekarar 2001. Wayoyin wancan lokaci, irin su Nokia 3310, da hannu ake buɗe bayansu a zare batir, har ma a canza musu riga baki ɗaya. Lamarin ya fara sauyawa ne bayan fitowar iPhone a 2007, wadda ta zo da batir a rufe. Sannu a hankali sauran kamfanoni suka bi sahu. Kamfanin Samsung, alal misali, ya bar batir mai ciruwa a Galaxy S5 ta 2014, amma ya rufe shi a Galaxy S6 ta 2015. Ke nan waya mai sassa wani yunƙuri ne na dawo wa mai waya da ikon da ya taɓa mallaka, tare da faɗaɗa shi.

Taƙaitaccen tarihi

A shekarar 2013 wani mai zane ɗan ƙasar Holan, Dave Hakkens, ya fito da wani tsari da ya kira Phonebloks, inda ya nuna hoton wayar da ake jera sassanta kamar tubala. Bai ƙera ta ba, shawara kawai ya bayar, amma ta ja hankalin duniya. A ƙarshen wannan shekara kamfanin Motorola, wanda a lokacin yake hannun Google, ya bayyana wani shiri mai suna Project Ara. Manufar ita ce a sayar wa mutum ƙwarangwal ɗin waya, shi kuma ya riƙa sayen sassan da yake so yana maƙalawa. An yi shekara uku ana gwaji, an ma shirya fara sayar da ita a tsibirin Fotoriko a 2015 sannan aka fasa. A watan Satumba na 2016 Google ya rufe shirin ba tare da wayar ta shiga kasuwa ba.

Waɗanda suka isa kasuwa sun rabu gida biyu, kuma wajibi ne ɗalibi ya bambance su, domin a nan ne ake yawan yin kitso da ƙwarƙwata. Gida na farko shi ne na wayoyin da ake yi wa ƙari. LG G5 ta kamfanin LG na Koriya ta Kudu, wadda ta fito a 2016, ana zare gindinta tare da batir a sa wani gindin, ko mai maɓallan ɗaukar hoto da ƙarin batir, ko mai inganta sauti wanda aka yi da haɗin gwiwar kamfanin Bang & Olufsen. Ita kuwa Moto Z, wadda ita ma ta fito a 2016, maganaɗisu ne a bayanta, ana manna mata lasifikar JBL, ko majigi, ko kyamarar Hasselblad, ko ƙarin batir. Gida na biyu shi ne na wayoyin da aka yi su domin sauƙin gyara. Jagora a nan shi ne kamfanin Fairphone da ke birnin Amstadam, wanda ya fitar da Fairphone 2 a 2015. Kamfanin iFixit, mai auna sauƙin gyaran na'urori, ya ba ta maki goma bisa goma.

Gida na farko bai yi tsawon rai ba. LG bai sake yin irin wannan ƙira a G6 ta 2017 ba, kuma a 2021 ya daina yin waya ɗungurungum. Jerin Moto Z ya tsaya a kan Z4 ta 2019. Gida na biyu ne ya rage a tsaye.

Alfanu

Babban alfanun waya mai sassa shi ne tsawon rai. Batirin waya, komai ingancinsa, ƙarfinsa yana raguwa da yawan caji, kuma zafi yana gaggauta masa tsufa. Wanda ya san zafin bazara a Zariya, ya kuma san yadda ake jera wayoyi da dama a kan teburin mai caji ana ɗura musu wutar janareta, ba zai yi mamakin yadda batir yake kumbura ba. A wayar da aka rufe da gam, canza batir yana bukatar a gasa bayan wayar da iska mai zafi, a ɓamɓare shi a hankali, a sake mannewa. Kuskure kaɗan zai iya fasa murfin ko ya tsinke siririyar wayar da ke haɗa gilashi da inji. A Fairphone 5, wadda ta fito a 2023, da farce ake ɗaga murfi a cire batir. Sauran sassan, waɗanda goma ne gaba ɗaya idan aka haɗa da batir, ƙaramin sukurudireba ya wadatar a kwance su. Mai waya zai iya canza gilashinsa a ɗaki cikin 'yan mintoci.

Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne sirri. Wanda ya bar wayarsa ta kwana a shagon gyara ya bar hotunan iyalinsa da saƙonninsa da manhajar bankinsa a hannun wani. Yawancin masu gyara mutane ne masu amana, amma hankali ya fi kwanciya idan aikin ya ƙare a gaban idon mai kaya, ko ma da hannunsa.

Har ila yau, akwai batun manhaja. Ƙarfe zai iya daɗewa, amma idan kamfani ya daina aiko da sabuntawa, wayar takan zama kamar gidan da ginin yake da ƙwari amma ƙofa ba sakata. Fairphone ya yi alkawarin ci gaba da sabunta manhajar Fairphone 5 aƙalla zuwa 2031, ya kuma ba ta garantin shekara biyar. Daga nan kuma sai amfanin muhalli ya biyo baya. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta tara tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sake sarrafawa ta hanyar da ta dace. Wayar da ta yi shekara shida a hannu maimakon uku ta rage wa bola kaya.

Naƙasu

Kowane mahaɗi da aka ƙara wa na'ura wuri ne na rauni. Sassan da aka liƙe su wuri guda ba su da tazara a tsakaninsu. Waɗanda ake cirewa kuwa, kowanne yana bukatar gidansa da maƙalinsa, saboda haka wayar takan yi kauri da nauyi. Fairphone 5 ta haura giram 200, kaurinta kuma ya kusa milimita goma, alhali takwarorinta a farashi sun fi ta siranta. Ta waɗannan mahaɗai ne kuma ruwa da ƙura suke samun hanya. Kariyar da aka ba Fairphone 5 ta yayyafi ce da feshi, ba ta nutsewa a ruwa ba, yayin da manyan wayoyin Samsung da Apple suke jure faɗawa cikin bokiti. A ƙasar da ƙurar hunturu take shiga har cikin akwatin da aka kulle, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai bai kamata a ɗauki hujjar kamfanoni a kan wannan batu ba tare da bincike ba. Galaxy S5 da aka ambata a baya tana da batir mai ciruwa, kuma tana jure nutsewa a ruwa mara zurfi na ɗan lokaci. Wannan yana nuna cewa rufe waya da gam zaɓi ne na kasuwanci gwargwadon yadda yake larura ta ƙira.

Sai kuma tsada. An sa wa Fairphone 5 farashin Yuro 699 lokacin da ta fito, amma injinta da kyamararta na matsakaiciyar waya ne. Kamfanin ya zaɓi injin da aka yi domin na'urorin masana'antu ne saboda masu ƙera shi za su daɗe suna tallafa masa, ba don ya fi sauri ba. Mai saye yana biyan kuɗin ɗorewa ne, ba na gudu ba.

Wayoyin da ake yi wa ƙari kuwa, matsalarsu ta fi wannan. A LG G5 sai an kashe wayar kafin a canza gindi, tunda batir yana fita tare da shi, kuma nau'in gindin da aka fitar bai wuce biyu ba. Ƙarin da ake manna wa Moto Z sun fi yawa, sun kuma fi sauƙin amfani, amma wasunsu kuɗinsu ya kai na ƙaramar waya sukutum. Bugu da ƙari, sun ɗaure kamfanin, domin dole kowace sabuwar Moto Z ta zo da faɗi da tsawo irin na wadda ta gabace ta, in ba haka ba tsofaffin sassa ba za su zauna ba. Wanda ya zuba kuɗinsa ya sayi majigi da lasifika na wannan waya, ranar da aka daina yin ta kayansa sun zama marayu, domin ba su shiga wata wayar.

Waya mai sassa a kasuwarmu

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi nazari da kansa. Amfanin cire sashe ya dogara ne a kan samun wanda za a mayar. Kasuwar Fairphone a Turai take, can ne mutum zai yi odar gilashi ya iso masa cikin kwanaki. Ɗalibin da ke zaune a Gyallesu, idan wani ɗan'uwa ya kawo masa irin wannan waya tsaraba, ranar da gilashinta ya fashe zai sha wuya kafin ya samu madadi a shagunan PZ da ke Sabon Gari, ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko ma a kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. Sai dai ya sayo daga waje da kuɗin ƙetare, ya biya kuɗin aike, ya zauna jira. Sukurudireban yana hannunsa, amma babu abin ɗaurawa.

Akasin haka, wayoyin Tecno da itel da Infinix, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, ba a ƙera manyansu domin mai su ya kwance da kansa ba. Amma saboda yawansu a hannun jama'a, gilashinsu da batirinsu da bakin cajinsu suna nan jibge a kasuwa, sababbi da waɗanda aka ciro daga matattun wayoyi. Mai gyara yakan ajiye wayar da injinta ya ƙone ya riƙa cin gadon sassanta ɗaya bayan ɗaya. Ta wannan fuska, ƙwarewar masu gyara da wadatar kaya sun mayar da wayar da ba mai sassa ba tamkar mai sassa. Illar wannan hanya ita ce rashin tabbas. Kayan gyara suna da daraja hawa-hawa, akwai na asali akwai na kwaikwayo, kuma wanda bai sani ba zai iya biyan kuɗin na farko a sa masa na biyu. Haka nan wayar da aka taɓa buɗewa da wuya ta koma ta riƙe ruwa da ƙura kamar da.

Akwai wani sauyi da yake tafe daga waje wanda zai iya shafar mu. Tun daga watan Yuni na 2025, dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa masu sayar da waya a ƙasashenta su tanadi muhimman kayan gyara har tsawon shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin, su kuma liƙa takardar da ke nuna makin sauƙin gyaransa. Dokar ba ta hau kan Nijeriya ba. Amma manyan kamfanoni ba su cika ƙera samfuri guda ta hanyoyi biyu ba, kuma da yawa daga cikin wayoyin hannu da ake kira kwancen Landan daga waɗannan ƙasashe da maƙwabtansu suke fitowa. Idan aka sauƙaƙa buɗe su a can, bayan 'yan shekaru sauƙin zai iso teburin mai gyara na Tudun Wada.