Ko Ka San Antonov Yana Cin Kuɗi Ko a Ajiye Yake?

Daga Makwar, inda aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, ka bi ta Mai Wurno har Damazin, da wuya ka sami wanda bai san sunan Antonov ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ ta Sudan a Satumban 2011, mutanen wajen Kurmuk suka haddace ƙuginsa. To amma asalinsa jirgin dakon kaya ne. Zamanin Tarayyar Sobiyat aka tsara shi a Kiev ta Yukiren. Samfurin An-12 ya fara tashi a 1957, An-26 kuma a 1969, aka daina ƙera shi a 1986. Ta ƙofar baya da ake loda kaya, ta nan aka riƙa mirgino bama-bamai.

Duk manomin Jazira da ya taɓa mallakar tarakta ya san ranar saye ita ce rana mai sauƙi. Haka jirgi yake, sai dai shi lissafinsa ya fi tsanani. Ta hanya uku ake ƙirga rayuwarsa: awannin da ya yi a sama, yawan saukar da ya yi, da shekarunsa tun fitowa daga masana'anta. Duk wanda ya riga cika, dole a kwance shi a yi masa garambawul. Na ukun nan shi ne mugu, domin ko jirgin bai motsa ba kwanakinsa na tafiya. Robobi na bushewa a zafin Sudan, tayoyi na tsagewa, ƙurar habub na shiga inji. Matuƙi ma idan ya daɗe bai tashi ba hannunsa kan mutu, sai an ƙona mai don kawai kada ya manta aikinsa.

Sai maganar kayan gyara, inda Sudan ta sha wuya ba sau ɗaya ba. Wajen 1970 ta karɓi jiragen MiG-21 daga Sobiyat. Bayan yunƙurin juyin mulkin Hashim al-Atta a Yulin 1971, dangantakar Shugaba Numairi da Mosko ta yi tsami, a 1977 ya sallami ƙwararrun sojansu, jiragen suka koma zaman jiran kayan da ba za su zo ba. Aka juya wajen Amurka, aka samo C-130 da F-5. Siyasa ta sake juyawa, takunkumin Amurka na 1997 ya zo ya yi shekara 20. Wanda ya sayar maka da jirgi, akalarsa na hannunsa har ranar da za ka jingine shi. Antonov ma bai tsira ba: a Zaporojiya ta Yukiren ake ƙera injinansa, wasu sassansa kuma a Rasha, ga shi ƙasashen biyu sun raba gari tun 2014. Akwai cibiyar Safat kusa da Omdurman da ke gyaran jirage, amma makaniki komai ƙwarewarsa ba zai ƙago inji da hannu ba.

Kada a ɗauka matsalar talaka ce kaɗai. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya ƙiyasta a 2024 cewa shirin jirgin F-35 zai haura dala tiriliyan 2 a tsawon rayuwarsa, kuma kusan tiriliyan 1.6 daga ciki na kula da shi ne bayan an saya. Nijeriya ta sayi Jaguar 18 daga Ingila a shekarun 1980, ba su yi shekara goma suna tashi ba aka ajiye su.

Mai ƙarfi yakan sake sabo, marar ƙarfi sai ya ƙara wa tsohon wa'adi. Ba kowane hatsari ne laifin tsufa ba, amma jerin yana da tsawo. A Janairun 2020 wani An-12 na soja ya faɗi bayan tashi daga Jinaina, mutum 18 suka rasu. A Fabrairun 2025 wani Antonov ya faɗa kan gidaje kusa da sansanin Wadi Sayyidna, aka rasa 46.

Kuma fa ba da fam ɗin Sudan ake sayen ko ƙusa ɗaya ba, sai da dala. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, sai nauyin nemo dalar ya koma kan zinare, dabbobi, ƙaro, da riɗi da audugar da ake nomawa a Gadarif, Sinnar da Jazira.