Bashin da ya maƙale a cikin tsohon faifai a Agege

LEGAS — A shekarar 2023, sa'ad da magada suka zauna rabon gadon kawuna, wanda ya yi fataucin goro a Agege, an tarar da littattafan lissafi biyu na ajami a akwatinsa, tare da faifan kwamfuta 11 ɗaure da roba. Littattafan sun tsaya ne a 1996. Daga nan har zuwa 2003, duk huhun goron da aka ɗora zuwa Kano da Sakkwato, da sunan wanda ya karɓa bashi, a cikin faifan suke. Liman ya karanta ajamin nan take, amma aka rasa na'urar da za ta buɗe faifai ko da ɗaya.

Ba kawuna kaɗai ya bi wannan hanya ba. A shekarun 1990, dillalan goro da na shanun Oko-Oba da dama sukan kai lissafinsu shagunan buga takardu, inda wani yaro zai shigar da shi cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa da manhaja irin su Lotus 1-2-3 ko dBase, ya miƙo faifai. A lokacin, wannan ci-gaba ne na gaske.

Faifan nan mai inci 3.5, wanda kamfanin Sony na Japan ya fito da shi a farkon shekarun 1980, megabait 1.44 kacal yake ɗauka, abin da bai isa hoto ɗaya na wayar zamani ba. Shi ma gadon wasu ya ci: mai inci 8 na IBM na 1971, da mai inci 5.25 na 1976. Kafin su kuma akwai katin huda mai layi 80, wanda masu tsara manhaja da FORTRAN da COBOL suke hudawa ɗaya bayan ɗaya, su kai tarinsa ɗakin na'ura su jira sakamako. Idan harafi ɗaya ya kuskure, sai a sake layi. Idan tarin ya zube ƙasa, aikin yini ya tashi. Irin wannan zamani ne IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan a 1963.

Ƙarancin wuri ya koya wa mutanen wancan zamani tsimi irin na ɗan kasuwa. Don su rage lamba biyu, sai suka riƙa rubuta 75 a maimakon 1975, tsimin da bankunan duniya suka biya da tsada gab da shiga shekarar 2000.

Sai dai abin da ya kamata ya dami mai dukiya shi ne, bashin da ake binsa kadara ce, kuma ƙarfinta yana ga shaidarta. Dokar kamfanoni ta wajabta ajiye bayanan lissafi na shekara shida, amma bashin goro da takardar fili da rabon gado sukan wuce shekara ashirin ana jayayya a kansu. Faifai kuwa da maganaɗisu yake riƙe rubutu, ga shi laimar Ikko tana sa masa fumfuna. Sony ya daina ƙera shi a 2011, gwamnatin Japan ma ta soke dokokin da ke tilasta amfani da shi a 2024. A ganina, duk wanda ke da irinsa a ajiye, ko faifan CD da ya biyo bayansa, ya kamata ya kwafe abin da ke ciki yanzu, ya kuma buga a takarda.

Mu dai sai da muka je kasuwar kwamfuta ta titin Otigba a Ikeja muka samo na'urar karanta faifai da ake jonawa da kwamfutar zamani. Bakwai suka buɗe, bayan an sha wahalar juya bayanan zuwa manhajar yau. Huɗu ba su ce uffan ba, ciki har da na shekarar 2001. Bashin wannan shekara, a masallaci aka warware shi: waɗanda suka tuna suka kawo, sauran magada suka yafe.